Fannie Lou Hamer: 'Yar Gonar Auduga da Shugaban Amurka Ya Katse wa Magana a Talabijin

Yau za mu ba da tarihin wata baiwar Allah 'yar Amurka, baƙar fata, mai suna Fannie Lou Hamer, wadda ta rasu a 1977. Ba ta taɓa riƙe kujerar gwamnati ba, karatunta kuma bai wuce na firamare ba. Duk da haka, a 1964 shugaban ƙasar Amurka da kansa ya fito gaban 'yan jarida don a ɗauke kyamara daga kanta. Mun zaɓo ta ne saboda rayuwarta ta nuna yadda ake fara ɓata sunan mutane a jarida da majigi kafin a hana su ƙuri'a, da kuma yadda mutanen suka ƙwato sunansu da bakinsu.

Haihuwarta da tasowarta

An haife ta ranar 6 ga Oktoba, 1917, a jihar Misisipi da ke kudancin Amurka. Ita ce auta a cikin 'ya'ya 20 na Jim da Lou Ella Townsend. Tana ƙarama iyayenta suka koma gundumar Sunflower, inda suke noman auduga a gonar Bature. Tsarin ya yi kama da abusa da dattawanmu suka sani a gonakin koko, sai dai a can mai gona ne ke riƙe da littafin lissafi, shi ke ba da bashin abinci da iri, shi kuma ke faɗin abin da ya rage a ƙarshen shekara. Sau da yawa abin da ke ragewa bashi ne.

Tana shekara 6 ta fara cirar auduga. Wajen shekara 12 ta bar makaranta don ta taimaki iyayenta, amma kafin nan ta iya karatu da rubutu, ta kuma ci gaba da karanta Littafi Mai Tsarki nasu na Kirista a coci. A 1944 ta auri Perry Hamer, suka zauna a gonar wani Bature mai suna W. D. Marlow kusa da garin Ruleville. Da mai gonar ya ga ta iya lissafi, sai ya sa ta rubuta lokacin aikin ma'aikata da nauyin audugar da kowa ya cira. Shekara 18 ta yi a wannan gona.

A 1961 ta je asibiti a cire mata ƙari a ciki, likita Bature ya cire mata mahaifa ba tare da ya tambaye ta ba. An yi wa mata baƙar fata da yawa irin wannan a Misisipi a wancan zamani. Ba ta samu haihuwa ba, sai ita da mijinta suka riƙi 'ya'yan wasu.

Hoton da aka zana tun kafin a haife ta

Don a gane abin da ta yaƙa, sai mun ɗan koma baya. Bayan an soke bauta a 1865, an gyara tsarin mulkin Amurka a 1870 aka hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa. A shekarar nan Misisipi ta tura Hiram Revels majalisar dattawa, baƙar fata na farko da ya zauna a can, daga baya kuma Blanche Bruce ya bi sahu. Tsofaffin masu bayi ba su ji daɗi ba. Sun yi amfani da bindiga, sun kuma yi amfani da jarida. Zanen barkwanci da sharhin jaridu suka riƙa nuna baƙar fata mai ƙuri'a a matsayin jahili, wanda ake saye da kwalbar giya, wanda ke bin duk wanda ya ja shi kamar raƙumi da akala.

A 1890 Misisipi ta rubuta sabon tsarin mulki, ta sa harajin dala 2 a shekara da jarrabawar karatu ga duk mai son yin rajistar zaɓe. A takarda dokar ta shafi kowa, amma magatakarda Bature ne ke yanke wanda ya ci da wanda ya faɗi. A 1915 kuma aka fitar da fim ɗin The Birth of a Nation, wanda aka nuna har a fadar shugaban ƙasa. A cikinsa an nuna baƙar fata suna maguɗin zaɓe, an nuna 'yan majalisarsu suna shan giya a zauren majalisa, wani ma ya tuɓe takalmi ya ɗora ƙafa a kan tebur, aka kuma nuna 'yan ta'addan Ku Klux Klan a matsayin jarumai. Miliyoyin Amurkawa daga nan suka ɗauki tarihin ƙasarsu.

Da aka gama korarsu daga rajista, sai labarin ya sake salo. 'Yan siyasar jihar, irin su Sanata James Eastland wanda babbar gonarsa ke cikin gundumar Sunflower, suka riƙa shaida wa duniya cewa baƙar fata na Misisipi suna zaune lafiya, ba ruwansu da siyasa, 'yan waje ne kawai ke zuga su. Babbar jaridar birnin Jackson, Clarion-Ledger, ta riƙa yayata wannan. Gidan talabijin na WLBT da ke birnin kuwa, idan tashar ƙasa ta sako hira da mai kare haƙƙin baƙar fata, sai ya yanke shirin ya ce waya ce ta samu matsala. Haka aka yi wa lauya Thurgood Marshall a 1955. A 1962 aka ƙara doka cewa duk wanda ya nemi rajista sai an buga sunansa a jaridar gari har mako biyu, wato mai gidan da kake haya da ubangidanka a wurin aiki duk za su gani. Sakamakon shi ne, a jihar da baƙar fata suka haura kashi 40 cikin 100 na jama'a, waɗanda ke da rajista a cikinsu a 1964 ba su kai kashi 7 cikin 100 ba.

Ranar da ta je yin rajista

A watan Agustan 1962 matasan ƙungiyar ɗalibai ta SNCC suka kira taro a wani coci a Ruleville. Fannie na da shekara 44. Ta sha faɗi daga baya cewa kafin wannan dare ba ta san tana da ikon yin rajista ta jefa ƙuri'a ba. Da aka nemi masu zuwa, ta ɗaga hannu.

Ranar 31 ga Agusta su 18 suka shiga wata tsohuwar bas zuwa Indianola, hedkwatar gundumar, garin da aka kafa ƙungiyar Turawa masu kare wariya ta Citizens' Council a 1954. Magatakarda ya ba ta wani sashe na tsarin mulkin jihar ya ce ta kwafe, ta kuma fassara ma'anarsa. Ta kwafe, amma ya ce ta faɗi. A hanyar dawowa 'yan sanda suka tare motar suka kama direba, wai launin motar ya yi kama da na motar makaranta. Yayin da tsoro ya kama mutane, Fannie ta ɗaga murya da waƙoƙin coci har zukata suka kwanta. Tun daga ranar aka san ta da wannan.

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Mai gonar ya ce ko ta je ta janye sunanta, ko ta bar masa gona. A daren ta fita, bayan shekara 18 tana yi masa aiki. Ranar 10 ga Satumba wasu suka zo cikin dare suka yi harbi 16 a gidan da ta samu mafaka, Allah Ya sa ba ta nan. Ta sake komawa Indianola, ta kuma shaida wa magatakardan za ta riƙa zuwa duk wata har sai ta ci. A Janairun 1963 sunanta ya shiga rajista. Da ranar zaɓe ta zo, sai aka mayar da ita saboda ba ta da rasit ɗin harajin shekara biyu.

Kurkukun Winona

Ranar 9 ga Yuni, 1963, ita da abokan aikinta suna dawowa daga wani horo a kan koyar da masu rajista, sai motarsu ta tsaya a garin Winona. Wasu daga cikinsu suka shiga gidan abincin tasha da aka ware wa Turawa, 'yan sanda suka kama su, suka haɗa da Fannie. A kurkuku aka kwantar da ita rubda ciki, aka ba fursunoni biyu baƙar fata kulki aka tilasta musu su doke ta, ɗaya ya gaji ɗaya ya karɓa. Ƙodarta ta samu rauni, idonta na hagu ya taɓu, ɗingishin da take yi tun tana yarinya ya ƙaru. Ba ta warke sarai ba har ta koma ga Mahaliccinta. An sake su ranar 12 ga Yuni, ranar da aka harbe Medgar Evers, jagoran baƙar fata na jihar, a ƙofar gidansa. Gwamnatin tarayya ta kai 'yan sandan kotu, amma masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu Turawa, suka wanke su.

Zaɓen gwaji da gawarwakin da ba a yi labarinsu ba

Tunda ana cewa baƙar fata ba sa son zaɓe, masu fafutuka suka shirya nasu zaɓen na gwaji a Nuwamban 1963. Suka kai akwatuna coci-coci, shagunan aski da kantuna. Mutum wajen 80,000 suka jefa ƙuri'a. Ƙuri'un ba su naɗa kowa ba, amma ramin ƙarya ƙurarre ne: daga ranar ba wanda zai ƙara cewa ba su damu ba sai wanda ya so.

A bazarar 1964 ɗaruruwan ɗalibai, yawancinsu Turawa daga arewacin ƙasar, suka zo Misisipi taimakon rajista. Masu shirya abin sun san cewa inda 'ya'yan Turawa suka je, can kyamara za ta bi. Ranar 21 ga Yuni aka kashe ma'aikata uku: James Chaney, baƙar fata ɗan jihar, da Andrew Goodman da Michael Schwerner, Turawa daga New York. Labari ya cika jaridun ƙasar, aka turo jami'an tarayya da sojojin ruwa nema. Ana cikin laluben koguna sai aka ci karo da gawarwakin wasu samari baƙar fata, Henry Dee da Charles Moore, waɗanda aka kashe tun watan Mayu. Da aka gane ba su ake nema ba, 'yan jarida suka juya baya. Fannie da abokanta sun ga wannan da idonsu, sun kuma gane cewa ko masu tausaya musu ma suna da ma'auni biyu.

Minti takwas a Atlantic City

Jam'iyyar Dimokurat ta Misisipi ba ta barin baƙar fata shiga tarukanta. Saboda haka a Afrilun 1964 aka kafa wata jam'iyyar 'yanci da ake taƙaita sunanta MFDP, Fannie na cikin shugabanninta. Suka bi duk ƙa'idojin jam'iyya tun daga mazaɓa har jiha, suka zaɓi wakilai 68, huɗu daga ciki Turawa, suka tafi babban taron jam'iyyar na ƙasa a Atlantic City suna neman a ba su kujerun Misisipi.

Shugaba Lyndon Johnson na neman zaɓe a shekarar, yana kuma tsoron kada Turawan kudu su guje shi. Ranar 22 ga Agusta aka kira shaidu gaban kwamitin tantance wakilai, talabijin na nunawa kai tsaye. Fannie ta zauna, ta ajiye jakarta a kan tebur, ta faɗi sunanta da adireshin gidanta, duk da ta san masu harbi na kallo. Ba takarda a hannunta. Cikin minti wajen takwas ta ba da labarin Indianola, da korarta daga gona, da harbi 16, da kurkukun Winona.

Tana cikin magana fadar shugaban ƙasa ta kira taron 'yan jarida na gaggawa. Tashoshi suka yanke suka koma can, suna tsammanin Johnson zai bayyana wanda zai yi masa mataimaki. Bai bayyana ba, ya yi 'yan maganganu ya tafi. Kafin kyamara ta dawo, Fannie ta gama. Sai dai wanda ya gina ramin mugunta an ce ya gina shi gajere. Tashoshin sun naɗi jawabin, suka sa shi da daddare, lokacin da iyalai ke zaune gaban talabijin. Mutanen da shekara da shekaru ake ba su labarin jahilin baƙar fata mai ƙuri'a suka ga mace 'yar gona tana jero kwanan wata da sunaye da wurare ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Gani ya kori ji. Saƙonnin goyon baya suka yi ta kwarara zuwa ga kwamitin.

Johnson ya tura Hubert Humphrey ya kashe wutar. Tayin da aka kawo shi ne kujera biyu kacal, ba da sunan Misisipi ba, kuma manyan jam'iyya ne suka zaɓi waɗanda za su zauna, Aaron Henry da Ed King, ban da Fannie. Wasu manyan shugabannin baƙar fata masu digiri suka ba da shawarar a karɓa, akwai ma waɗanda ke ganin Turancinta na ƙauye bai dace da babban taro ba. Ke nan hoton da aka zana ya shiga har cikin gida. Fannie ta tsaya a kan cewa su 68 suka zo, dukkansu sun gaji, kuma ba wanda zai zaɓa musu bakin da zai yi magana a madadinsu. Wakilan suka ƙi tayin. Turawan Misisipi kuwa kusan dukkansu suka fice daga taron, a zaɓen Nuwamba jihar ta ba abokin hamayyar Johnson, Barry Goldwater, kashi 87 cikin 100.

Tafiyarta Gini

A watan Satumban 1964 mawaƙi Harry Belafonte ya nemo kuɗi ya kai ma'aikatan SNCC hutu ƙasar Gini, Fannie na cikinsu. Shugaba Sékou Touré ya zo masaukinsu a Konakiri da kansa ya yi musu maraba, abin da ya sa ta kuka, domin shugaban ƙasarta bai yarda ya gan su ba. Ta ga baƙar fata suna tuƙa jirgin sama, suna riƙe da banki, suna tafiyar da gwamnati. Tun tana yarinya abin da majigi da littattafan makaranta suka nuna mata game da Afirka shi ne mutanen daji marasa tufafi. Ta dawo ta riƙa gaya wa jama'arta cewa masu yi musu ƙarya a kan kansu su ne suka yi musu ƙarya a kan Afirka. A Disambar shekarar ta hau mumbari ɗaya da Malcolm X a unguwar Harlem.

Abin da ya biyo baya

A 1965 ita da Annie Devine da Victoria Gray suka ƙalubalanci zaɓen 'yan majalisar wakilai na Misisipi, saboda an hana kusan rabin jama'ar jihar zaɓe. Majalisa ta yi watsi da ƙarar a watan Satumba da ƙuri'a 228 da 143, amma an tara shaidun ɗaruruwan mutane a rubuce. Ranar 6 ga Agustan wannan shekara Johnson ya sa hannu a dokar haƙƙin zaɓe, wadda ta dakatar da jarrabawar karatu. Zuwa 1967 rajistar baƙar fata a Misisipi ta kusa kashi 60 cikin 100. A 1968 Fannie ta zauna a babban taron jam'iyyar a Shikago a matsayin cikakkiyar wakiliya. A 1969 kuma kotu ta soke lasisin WLBT, bayan ƙarar da wata ƙungiyar coci da mazauna Jackson suka shigar, waɗanda suka zauna suna rubuta abin da tashar ke nunawa da abin da take ɓoyewa.

Ta lura cewa mai jin yunwa ana iya tsorata shi ya bar ƙuri'arsa, kamar yadda aka so yi mata a gonar Marlow. Don haka a 1969 ta kafa gonar haɗin gwiwa mai suna Freedom Farm da eka 40, daga baya aka ƙara eka 640, talakawa na noman abincinsu. A 1971 ta tsaya takarar majalisar dattawan jiha ba ta ci ba. Rashin kuɗi da rashin lafiyarta suka durƙusar da gonar kafin rasuwarta. Ta yi fama da hawan jini da ciwon sukari da sankarar mama, ta rasu ranar 14 ga Maris, 1977, a garin Mound Bayou tana da shekara 59. Andrew Young, jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ya yi jawabi a jana'izarta a Ruleville. A Janairun 2025 aka ba ta lambar yabo mafi girma da Amurka ke ba farar hula, shekara 47 bayan an binne ta.

Abin da ya shafe mu

Halinmu da nasu ba ɗaya ba ne. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ba duk ɗan ƙasa mai hankali da ya kai shekara 18 ikon rajista da zaɓe, ba jarrabawa, ba haraji. Amma kowa a Nima da Mamobi da Aboabo da Sabon Zango ya san yadda ake kawo sunan zango idan zaɓe ya matso: wurin ɗaukar 'yan daba, mutanen da ake saye da buhun shinkafa, masu bin jam'iyya ido rufe. Dattawanmu da suka ga dokar korar baƙi ta 1969 sun san inda kalmar baƙo ke kai mutum, har yanzu kuma akan tsayar da ɗan zango a wurin rajista saboda sunansa kawai. Idan yaro ɗaya ya ɗauki sanda, shi za a nuna. Malamai da 'yan kasuwa da ma'aikatan jinya da suka yi layi tun asuba ba sa shiga labarai.

Mutanen Misisipi sun yi rajista duk da wulaƙanci, sun koma bayan an mayar da su, sun rubuta kwanan wata da sunan duk abin da aka yi musu, sun kai gidan talabijin ƙara da hujja, sun kuma ƙi yarda wani ya zaɓa musu mai magana. Matasanmu yau kowa na da kyamara a aljihu, abin da Fannie ba ta taɓa samu ba. A ɗauki layin zaɓen zango a nuna, a yi hira da iyayenmu mata da dattawa a harshen da suka iya, kuma kada ɗanmu ya yarda ɗan siyasa ya mayar da shi hoton da ake nema. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya fi cancanta ya faɗa.

Allah Ya zaunar da zangunanmu lafiya, Ya shirya mana zuri'a.